Hannun Mai Shara

Shekara biyu ke nan da fara aiki da shari'ar Musulunci a jiharmu lokacin da dattawan ikilisiyarmu ta Daura suka ɗora mini ziyarar gidan yari. Ni ba fasto ba ne. Malamin dabbobi ne mai ritaya. Allurar shanu ta kai ni Damagaram da Garwa da Kumasi, na dawo da Faransanci da Fulatanci da ɗan Tonancin mutanen Kumasi, ga Turanci na makaranta. Saboda bakin nan aka zaɓe ni, domin Kiristocin da ke tsare duk baƙi ne, kowa da harshensa.

A Kumasi na ga ana shiga kurkuku da ganguna ranar Lahadi, har gandirobobi suna rausaya. A Damagaram kuwa, in takardarka na da hatimi ba mai sake dubanka. A nan sai da babban jami'i ya karanta mini sharaɗi sau biyu: ba zan yi wa kowa wa'azi ba sai wanda rajista ta ce Kirista ne. Duk randa na tsallake wannan, za a rufe mini ƙofa. Ban ga laifinsa ba. Ana zaman ɗar-ɗar a gari a lokacin, kalma ɗaya tana iya zama gobara.

Gandiroba yakan kira sunaye daga rajista, mutum bakwai su fito mu zauna a gindin darbejiya. Waƙa ma ƙasa-ƙasa muke yi.

A mako na uku na lura da wani fursuna, Bahaushe, mai kimanin shekara arba'in, yana shara kusa da mu. Wuri ɗaya yake ta sharewa har ƙasa ta yi sumul. Da muka ɗauki waƙar Hausa sai na ga leɓensa na motsi. Baiti na farko kowa na iya tsinta ta bayan katanga. Amma muka shiga na uku, wanda ni kaina sai na duba littafi, shi bai yi tuntuɓe ba. Wannan a bayan uwarsa ya koye ta.

Da zan fita na gaishe shi kamar yadda ake gaida kowa.

"Sannu da aiki."

"Yauwa, Baba. Ka sa ni a addu'a, sauran mako huɗu a kai ni gaban alƙali."

"Wace kotu?"

"Ta shari'a." Ya dubi hannunsa na dama da ke riƙe da tsintsiya.

A guntu-guntu na samu labarinsa, Lahadi biyu, ina yin kamar ina ɗaure takalmi. Ɗan wani ƙauye ne a yankin garin Babban Mutum, iyayensa Kiristoci, an yi masa baftisma yana saurayi. Shekara shida yana yi wa wani alhaji dillalin dabbobi aiki a Zango. Da ya je, ya ga kowa ya tashi salla, sai kunya da tsoron rasa aiki suka sa ya bi sahu, daga nan kuma bai san yadda zai fita ba. Ya kwance raguna biyu daga garken wani maƙwabci, bai kuma ɓoye mini ba, ya ce shi ya yi. Da aka zo rubuta shi a rajistar gidan yari, mai rubutu ya ji suna, ya ji Hausa, ya cike gurbin addini bai ɗaga kai ba. Shi ma ya yi shiru.

"Me ya hana ka magana?"

"Baba, in na ce ni Kirista ne, za a ce na yi ridda, ga mutanen da suka gan ni a masallaci. In na yi shiru, ga hannu. Wanne zan ɗauka?"

Ban san kowa da aka yanke wa hannu a ƙasar Daura ba, amma duk mun ji an yi a wata jiha, kuma rediyo ba ya barin mutum ya manta. Doka ta ce wanda ba Musulmi ba kotun majistare ake kai shi. Sai dai in ni na buɗe baki, me za a ce? Tsohon nan ya shiga kurkuku ya juya musu mutum. A rufe ƙofa, mutum bakwai su rasa ko mai kawo musu sabulu, wataƙila ma abin ya bi ni har coci. Abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta ce, "Malam, ka kwashe shekara talatin kana shiga tsakanin ƙahonin shanu, yanzu rajista ce za ta kashe ka?"

Gandiroban da ke kiran sunaye ma ya fara lura. Ya ce, "Baba Fasto, takalmin nan naka kullum a wuri ɗaya yake kwancewa. A sayo mai sulɓi mana." Ya yi dariya, ni ma na yi.

Katin baftisma ba zai wadatar ba, domin ba haihuwarsa ake musu ba, shekaru shidan nan ne. Mutum ɗaya ne zai iya magana a kansu: alhajin da ya yi wa aiki. Na nemi izinin mai shara, da ƙyar ya ce in je.

Ranar kasuwa na shiga motar Zango. Sau biyu na yi niyyar sauka a hanya. Na tarar da alhajin a kara, dogon mutum mai furfura, yana duba haƙoran wani bijimi. Muka gaisa, na taya shi duba kofato don bakina ya samu abin faɗi. Da muka koma inuwa na gaya masa ko ni wane ne da abin da ya kawo ni, ina jiran ya tara mini jama'a.

Ya ce, "Malam, wannan ne ya sa kake gumi haka? Ai tun watan farko na sani. Mutumin da in ya zo alwala yake wanke ƙafa kafin fuska?"

"Ka sani, Alhaji? Ba ka ce komai ba?"

"Shi bai faɗa ba, ni zan tona shi? Kawaici ya yi mini, na yi masa. Bai taɓa karɓar shahada a hannuna ko hannun limaminmu ba. Kuma ka tambayi duk wanda ke karar nan: shekara shida, ko kaza ban taɓa ba shi ya yanka ba. In dabba ta faɗi, gara in aika a nemo wani daga ƙarshen kasuwa da in miƙa masa wuƙa. Har zolayarsa suke yi wai tsoron jini yake."

"Za ka faɗi haka a gaban alƙali?"

Nan fuskarsa ta sauya. Ya ce mutane za su ce ya san mutum ba Musulmi ba ne ya bar shi a sahu. Ya ce yana da 'ya'ya, yana da abokan ciniki. Ya ce kuma ragunan nan an sace su, ba ƙarya aka yi ba. Na ce haka ne, ba wanke shi na zo yi ba. Ya raka ni tasha bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi a haka. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in miƙe.

Ban shiga kotun ba, don kada ganina ya ɓata magana. A shagon wani tela na zauna a tsallaken titi, ina kallon ƙofa. Har aka shiga da fursunoni ban ga alhaji ba. Sai can wajen hantsi ya sauko daga babur, shi da limaminsu da wani mahauci. Bai dubi inda nake ba.

Alƙali ya saurare su, ya tambayi mai shara da bakinsa, ya ce wannan ba hurumin kotunsa ba ne. Majistare ya ɗaure shi shekara biyu. Matar mai shara ta kwashe yara ta koma ƙauye, domin zaman Zango ya ƙare musu.

Lahadin da ta biyo, babban jami'i ya tare ni a ƙofa. Cikin ladabi ya ce ana ta magana a gari, in ɗan huta tukuna. Na ce to. Na miƙa wa gandiroba ƙullin sabulun da na zo da shi, na ce a raba. Ya auna shi a hannu.

"Na mutum nawa ne, Baba Fasto?"

"Bakwai."

"Ka ƙaro ɗaya mako mai zuwa, ka bar shi a ƙofa. An gyara rajista jiya."

Wata tara ina kai sabulu ƙofar nan ina juyawa kafin a sake bari na shiga.