Kunyar Suruki Ta Ƙona Giyar Tasi'u

Wata rana da hantsi, wani bawan Allah mai suna Tasi'u yana shan fura a inuwar motarsa sai waya ta shigo.

Surukinsa ne, Malam Barau, uban matarsa Lantana.

Tasi'u ya ajiye ludayi, ya durƙusa har ƙasa kafin ya amsa. A waya fa, jama'a!

Bas ɗin Malam Barau ce ta mutu a kan hanyar Jos, shaƙe da buhunan masara. A zo a ja ta gida.

Bari ku ji ko wace ce motar Tasi'u.

A-kori-kura ce fara, 'yar Kwatano, irin mai canza giya da kanta, wadda direbobin tasha ke kira motar malalata. Gonarsa ta gado ya sayar ya saye ta. Da ita yake ɗauko tumatir daga fadama zuwa kasuwa. Ita ce tuwon gidan, ita ce miyar, ita ce takalman yara.

Tun ran da ya saye ta bakanike ya ja masa kunne. Ya ce wannan giya da mai take aiki, wani ja kamar zoɓo. In ka ja abin da ya fi ƙarfinta, man ya tafasa ta amayar da shi. Da ka ji ƙauri, tsaya ta huce.

Tasi'u ya sani sarai. Kada wani ya ce rashin sani ne.

Da ya isa ya ga bas, sai ya zagaya ta yana duba kaya. Buhuna a ciki, buhuna a sama, tayoyin baya har sun kwanta.

Zuciya ta ce masa, a sauke rabi, a yi sawu biyu.

To wa zai faɗa? Mutumin da tun da aka ba shi Lantana bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, shi ne yau zai buɗe baki ya ce kayan Baba sun yi yawa?

Aka ɗaura sarƙa. Direban bas ya kama sitiyarinsa a baya.

Malam Barau kuwa ya buɗe ƙofar gaba, ya yi bisimilla, ya zauna dab da Tasi'u.

Wallahi da kububuwa aka ajiye masa a kujerar nan da ya fi sakewa.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba laifi. Suna wuce wata gada sai hawa ya fara, ga rana ta take, kwalta har tana sheƙi.

Sai ƙauri.

Irin na wake in ya kama a tukunya uwargida tana can tana hira.

Tasi'u ya duba allurar zafi, tana zaune lafiya. Ya san ta inji ce, ba ruwanta da giya. Amma mai neman uzuri ko gurguwar hujja ta ishe shi yin shiru.

Ya saci kallon gefe. Malam Barau yana kallon duwatsu, yana jan carbi, ya ɗan ja gefen rawani ya rufe hanci.

Tasi'u ya taka totur. Inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara sauri ba.

Ya dubi madubi. Wani jan layi na bin su a kan kwalta, kamar an ja rago bayan yanka.

Direban bas ya fito da hannu ta taga yana ta kaɗawa.

Kun san abin da Tasi'u ya yi? Shi ma ya fito da nasa ya kaɗa masa. Wai gaisuwa.

Ya fara neman dalilin tsayawa wanda ba mota ba. Ya ce zai kama ruwa? A gaban suruki? Allah ya kiyaye. Ya leƙa sama ko azahar ta yi. Da saura.

Ya ce a ransa, bari dai mu kai saman hawan nan.

Ba su kai ba.

Motar ta yi wata girgiza, ta saki. Inji na ihu, tayoyi sun daina ji. Suka fara komawa da baya. Tasi'u ya danne birki da ƙafa biyu, direban bas ya diro yana cusa duwatsu a ƙarƙashin taya.

Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙasan motar. Ɗan man da ya rage yana ɗiga, ba ja ba ne kuma, baƙi ƙirin.

Malam Barau ya fito a hankali, ya daɗe yana kallon jan layin da ya gangara har inda ido ya ƙare.

"Tasi'u, tun gada nake jin ƙaurin nan."

"Ni ma tun gada, Baba."

"To me ya hana ka tsayawa?"

"Kada ka ce na ƙi aikinka. Kai fa, Baba?"

"Kada ka ce na raina motarka."

Direban bas ya ciro waya ya nemi taimako.

Kafin la'asar wata gingimari ta zo ta ja bas ɗin kamar ba ta ɗauki komai ba. Masara ta isa gida, ko ƙwaya ba ta zube ba.

A-kori-kura kuwa, bakanike ya dangwali man ya sansana, ya goge yatsa a wando, ya ce wa Tasi'u ya yi haƙuri, irin haƙurin da ake ba mutum a zaman makoki. Giyar ta ƙone ƙurmus. Da aka faɗi abin da za a nema a sa wata, sai da Tasi'u ya nemi wuri ya zauna.

Ba wata gonar da za a sayar.

Tumatir ba ya jiran kowa. Manoman fadama suka yi masa jaje da safe, da yamma suka kira wani direba.

Yanzu motar tana ƙofar gida a kan duwatsu. Tasi'u yana tasha yana loda kwanduna a motocin waɗanda da suke yi masa dariya. Sun daina dariyar, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Malam Barau ya aiko da buhun masara, bai iya zuwa da kansa ba. In ya hango Tasi'u a layi sai ya canza hanya. Tasi'u ma haka.

Lantana ce ke tuƙa tuwon masarar nan kullum. Ba ta iya cewa laifin ubanta ne, ba ta iya cewa na mijinta ne. In aka ga hawayenta, sai ta ce hayaƙin murhu ne ya shiga idonta.

Darasi:

Kunya ado ce, amma ƙarfe bai san suruki ba. In ka ji ƙauri, a mota ne ko a zaman duniya, buɗe baki ka faɗa. Wataƙila na kusa da kai shi ma ya ji, jira yake ka fara.

Tura wa duk mai jan kayan da ya fi ƙarfinsa yana cewa ba komai. In kuma kana ji da kanka, tura wa surukinka mu gani.