Rabi a Bencin Masu Ciki

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Rabi ta zo likitar garinmu ba, wato asibitinmu. Ku sababbin ma'aikata ku saurara. Na yi aikin ungozoma a nan karkarar Tibiri tun ba a haifi wasunku ba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma rabin masu gemun garin nan ni na yanke musu cibi.

Ga yadda tsarin yake. Mara lafiya yakan fara ganin manjo, wato babban malamin jinya. In mai juna biyu ce, sai ya turo ta wurin Madam mai karɓar haihuwa, wadda nake taimaka wa. Bencinmu a waje yake, yana kallon hanyar kasuwa. Duk matar da aka gani a kansa, kafin azahar gari ya ji.

Lokacin sussukar gero ne, kuma ranar kasuwa. An kawo mana sabon manjo, Bazabarme, mutumin kirki, sai dai Hausarsa ba ta nuna ba tukuna. Ya tambayi Rabi abin da ya kawo ta, ta ce, "Ciki ne, likita. Ga tashin zuciya, ga kumburi." Yana jin "ciki" ya nuna mata bencinmu. Ita kuma kunya ta hana ta musu.

Mijin Rabi kuwa ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, can Abijan, damina biyu bai leƙo gida ba.

Ina fitowa sai ga uwar mijin, Tabawa, ta ratso daga kasuwa tana haki.

"Dije, me matar ɗana take yi a nan?"

Na ce, "Sannu dai, Tabawa. Gaisuwar ma ta yi tsada?"

"Bar ni da gaisuwa! Mata uku suka tare ni a rumfar mai gishiri. Yanzu zan sa a kira mini shi a waya."

Na san in wayar nan ta tafi, auren ya mutu, ko da gaskiya ta fito daga baya. Na ce, "Ba inda za ki. Rabi, kin yarda ta shiga ta gani da idonta?" Yarinya ta ɗaga kai tana hawaye.

Madam ta gwada fitsari, babu komai. Na taɓa cikin, tauri kamar dutsen niƙa. Aka kira manjo, ya tambaye ta ko ta sha wani abu. Ta kwance haɓar zane, sai ga ƙwayoyi farare da jajaye. Ashe ƙaiƙayin gero ne ya sa ta atishawa da yoyon hanci, ta sayi magani wurin mai talla a keke. Da sassafe take haɗiya, ba ko fura a cikinta, ta wuce masussuka.

Manjo ya ce farar nan yadda take busar da hanci haka take busar da hanji, bahaya ya ƙi fita. Jar kuma ta ciwon jiki ce, tana ƙona ciki in babu abinci. Ya hana ta sha, ya ba ta na sassauta ciki, ya ce ta yawaita ruwa. Sannan ya ba ta haƙuri, ya dube ni ya ce, "Goggo, ashe ciki biyu ne a Hausa?"

Na ce, "Biyu ne, ɗana. Ɗaya na tuwo, ɗaya na mutum."

Ban tsaya nan ba. Na sa Tabawa ta riƙe hannun surukarta, muka bi ta tsakiyar kasuwa har rumfar mai gishiri, Tabawa ta faɗa wa matan nan gaskiyar magana da bakinta.

Abin da na koya shi ne, kowace ƙwayar mura tana biyawa ta ciki kafin ta kai hanci, don haka ku tambayi mutum abin da ya sha. Kuma in mace ta ce muku ciki, ku tambaye ta wanne kafin ku nuna mata wurin zama. Kumburin Rabi ya sace cikin 'yan kwanaki. Amma har bana akwai tsohuwar da ba ta yarda ba juna biyu ba ne, takan kama hannuna a gidan suna ta ce, "Dije, ke dai kin iya rufin asiri."