Direbobin Hadiza Sun Kawo Mini Kifi

Yau Laraba. Gwiwa ta ɗan sake ni, tarin ne dai bai gaji da ni ba.

Ina shan hantsi a ƙofar gida sai ga direbobi biyu daga kamfanin manyan motocin da ɗiyata Hadiza ke shugabanta, riƙe da goro da bandar kifin Tunuga. Na yi murna, don na kwana biyu ban ga mai gaisuwa ba.

Ashe roƙo ya kawo su. Hadiza ta dakatar da ɗayansu, Garba, saboda ya ɗauko kaya daga Malanbil da birki a lalace.

Garba ya durƙusa ya ce, "Baba, kai ka haife ta. Kalma ɗaya daga bakinka, gobe ina cikin motata."

Na ce, "Garba, lokacin da Alhaji ke shugabancin kamfanin nan kafin Hadiza, ka taɓa kai wa ubansa kifi?"

Ya sosa ƙeya. "A'a, Baba. Ai shi namiji ne."

"To, kujerar ɗaya ce. Je ka biro, can ofishinta, ka ba ta haƙuri da bakinka. Kifi kuwa ya riga ya shigo gida."

Abokinsa ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Jama'a, sai yaushe za a daina zagaye mace shugaba a nemi ubanta ko mijinta? Ku faɗa mini.

Hadiza ta ce za ta leƙo ni da la'asar. An kira magariba, ba ta zo ba. In Garba ne ya tsare ta a biro, na yafe.