Ranar da Inna Hajara Ta Tafi Tudun Wada

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Inna Hajara. Ta haura tamanin kafin Allah ya karɓi abinsa, amma ban tuna ranar da na gan ta zaune haka kawai ba. Ko hira take yi, za ka tarar da faranti a cinyarta tana tsince acca, ko jika goye a bayanta.

A barikin kuza aka haife ta, inda mahaifinta yake leburanci. Da mahaifinmu ya rasu, ya bar ta da mu shida a Nasarawa Gwom, autanmu ko tafiya bai fara ba, sai ta shiga sarin dankalin Turawa. Da sassafe take bin motar ƙauye cikin sanyin nan na Jos mai ƙage yatsu, ta dawo bayan azahar da buhuna, jar ƙasa har gwiwa. Da dankalin nan muka yi makaranta, da shi ta aurar da mu, da shi ta sauke farali. Tana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Jikokinta sun san duk wanda rana ta fito masa a kan katifa, ruwan buta ne zai tashe shi. Amma su ne kuma ba sa barin ɗakinta.

A wajen sarin ta haɗu da Saratu, manomiya 'yar Birom, Kirista, wadda muke kira Ngo, yadda suke kiran uwa a yarensu. Ciniki ya haɗa su, ya rikiɗe ya zama zumunci. Naman layyarmu na zuwa gidanta, shinkafar Kirsimetinta na zuwa namu. Da tsufa ya kama Ngo, ta bar gona ta koma wajen ɗanta a Tudun Wada, unguwar da Kiristoci suka fi yawa a nan Jos.

Sai gari ya rikice da faɗan addini da ƙabilanci. Wanda ya zauna a Jos a shekarun nan ba ya bukatar bayani. Ko bayan an samu lafiya, kowa ya san unguwar da zai shiga da wadda zai kewaye. A cikin wannan hali labari ya iso mana cewa Ngo ta faɗi ta karye a ƙugu, tana kwance ba ta tashi.

Washegari na iske Inna ta dafa gwaten acca, ta zuba a kwano, tana saka hijabi. Yayanmu Sani ya tare ƙofa.

"Inna, ki yi haƙuri ki bari ƙura ta ƙara lafawa. Ga waya, ki gaishe ta."

"Wayar ce za ta juya ta a kan gado?" in ji Inna. "Sa'ad da ubanku ya mutu, matar nan da ƙafa ta tako daga ƙauye. Matsa min."

Ya matsa. Ni kuwa na bi ta, ba don jarumta ba, don dai ba zan iya zaman jiran labari ba. Mai tasin ya sauke mu a bakin titi, ya ce iyakarsa nan. Muna shiga layin, na ga samari zaune kan benci, hirarsu ta tsaya cak. Ɗaya ya miƙe ya tsaya a gabanmu.

"Mama, kana neman wa?" ya tambaya da irin Hausarsu.

Inna ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Saratu mai dankali, wadda ta karye. Karɓi kwanon nan, ɗana, hannuna ya gaji. Kada ka karkata shi, da zafi."

Ya waiwayi abokansa, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa. Shi ya shige gaba har ƙofar gidan.

Ngo ta rame ƙwarai. Da ta ɗago ta ga mai shigowa, sai ta rufe fuska da zani tana kuka. "Hajara, ka zo? Na ce ba zan sake ganin ka ba." Inna ba ta tsaya lallashi ba. Ta sa aka ɗora ruwa, ta yi mata wanka, ta tsefe mata kai ta kitse, tana yi tana mitar an bar ƙawarta da datti. Da la'asar ta yi, surukar Ngo ta shimfiɗa mana sabon zani a tsakar gida muka yi salla. Daga ranar Inna ba ta yanke zuwa ba har Ngo ta rasu. Ranar da Inna ta bi ta, 'ya'yan Ngo suka shigo Nasarawa Gwom, suka zauna kan tabarma tare da mu ana karɓar gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ta'aziyya ta koma saƙon waya. Cikin jikokinta akwai waɗanda sun san Abuja da Legas amma ba su taɓa taka Tudun Wada ba, alhali kuɗin keke napep ne kawai tsakani. Na san za ta yi faɗa, kuma mu iyayensu za ta fara yi wa.

Ba ta bar gidan bene ba, rumfarta ma ta kasuwa tuni wani ya gaje ta. Abin da ya rage shi ne, in an ce wani na kwance, akwai waɗanda a cikinmu zama ba ya yi musu daɗi sai sun je. Watan jiya aka kwantar da ɗan Ngo a asibiti. Ina cikin tunanin wa zan samu ya raka ni, sai na kira Yaya Sani. Ya ce in yi magana a hankali, tuni yana bakin gadon, mutumin ya samu barci.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, hutun da ba ta yarda ta yi a duniya ba.