Na'urar da Ba Ta Gane Fuskarmu

Ni dai ba son boko ne ya kai ni kwalejin nan ta Panyu ba, takardar zama ce. Shekara biyu ina sayen mayafai da takalma a kasuwar Sanyuanli ina aikawa Kano, kullum bizata a bakin ƙarewa, sai aka ba ni shawara in shiga wata ƙaramar kwalejin koyon sana'a mai ajin Sinanci na baƙi. In kana zuwa aji, su ba ka wasiƙa a sabunta maka zama. In ka cika fashi, ka haɗa kayanka.

Kwalejin akwai son nuna baƙinta. A bakin get an manna ƙaton hoto, ga ɗan Rasha, ga 'yar Tailan, ga ni a tsakiya da hijabina ina washe baki, wai duk ɗaya muke. Har ofis guda aka ware don jin kokenmu.

A ajinmu akwai wata 'yar Maraɗi mai sayen kayan kicin, a shekaru ƙanwar bayana ce, Yaya take ce mini. Tare muke shigowa jirgin ƙarƙashin ƙasa kowace safiya, tare muke tsayawa gaban na'urar da ke bakin aji. Wani ɗan allo ne kamar waya. Ka kalle shi, ya kawo kore, an rubuta ka zo ke nan. Kowa sau ɗaya yake kallo ya wuce. Mu biyu kuwa ja, ja, ja. Wata rana ta karɓe mu a karo na biyar, wata rana ta ƙi ƙememe, ga layi a bayanmu ana duba agogo, sai kunya ta tura mu ciki haka nan.

«Yaya, mu je biro mu faɗa musu,» in ji ta, don ita ofis biro take ce masa.

Na ce, «Ke, rufa mana asiri! Mutane sun karɓe mu, sun sa hotonmu a get, mu je mu ce musu kayansu ba kyau? Ai malama tana ganinmu ido da ido. Wace shaida ta fi wannan?»

Haka aka rene ni. In ka sauka gidan mutum ba ka kushe masa tabarma. Ranar da malamar ta tambaye ni ko akwai matsala, har da murmushina na ce meyo, wato babu.

Amma wallahi hankalina bai taɓa kwanciya ba. Tun daga tasha gabana yake faɗuwa. In ja hijabi baya, in dawo da shi gaba, in buɗe ido kamar wadda ta ga maciji. Har hoda mai haske na saya, ni da girmana, don in burge ƙarfe. Na ji kunyar wannan, har yanzu ina ji.

Bizar 'yar Maraɗin ta riga tawa ƙarewa. Da ta je karɓar wasiƙa aka buga mata takarda, wai rabin zango ba ta zo ba. Malama ta sauko da kanta ta ce ƙarya ne, kullum tana kujerar gaba. Aka ce to, sai kwamiti ya zauna ya gyara, kuma kwamitin sai sabon wata. Ita kuwa kwana shida suka rage mata. Duk inda aka tura mu mun je, ba wanda ya yi mana tsawa, ba kuma wanda ya iya komai.

A rana ta huɗu na shiga ofishin koken nan raina a ɓace, don na san tawa takardar ma haka take. Na haɗa Turanci da Sinanci da Hausa na zazzage wa matar da ke wurin. Ta ce me ya hana mu faɗa tun farko? Ta ce hoton da aka ɗauke mu ranar rajista a lungu mai duhu aka ɗauka. Ta kai ni bakin taga, ta sake ɗauka, muka hau sama na kalli allon. Kore. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta ce tawa za ta shiga kwamiti a kan lokaci.

Da la'asar na je ɗakin 'yar Maraɗin a bayan ginin kasuwar Tianxiu, na tarar tana ninke kaya. Na so in yi shiru, bakina ya ƙi. Na faɗa mata duka.

«Minti nawa aka yi?» ta ce, ba ta ɗago ba.

«Bai kai goma ba.»

Ta ajiye zanen da ke hannunta, ta dube ni sosai.

«Yaya, ai na ce miki mu je.»

Na danne mata jakar da gwiwa, ta ja zif.