Farcen Habibu Da Jitar Da Na Riƙe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, jitarsa kuma tana hannuna. Ba tawa ba ce. 'Yarsa Rukayya ta roƙe ni ita sau uku, ina hana ta.

Ni dillalin shanu ne a karar Wudil. Shi ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a jami'a, inda wani abokin aikinsa ya koya masa kiɗan Turawan da, wanda ake karantawa a takarda, a kaɗa da yatsu, ba waƙa ba rawa. Kiɗan jitar sai da dogon farce a hannun dama. A nan muka saɓa. Na ce masa, "Habibu, mutane na gaisawa da kai suna kallon hannunka." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba zai wuce kwana arba'in ba."

Bai taɓa wucewa ba kuwa. Kafin wa'adin da sunna ta ɗiba ya cika, sai ya yanke shi tas. Sautin ya dushe, ya yi mako biyu yana kaɗa abin da shi kansa ba ya jin daɗinsa, har farcen ya tofo. Shekara tara yana haka a kan kiɗa huɗu kacal. Na biyar bai kai ƙarshensa ba.

Yanzu na ga ɗalibai suna koyo a waya, wai har farcen roba ake mannawa. Da yana nan, ina jin zai yaba wayar, ya ƙi robar.

Abin da ya sa na hana Rukayya, tsoron bakin mutane ne, irin wanda na ji wa ubanta. Makon jiya ta zo gaishe ni, ta ce, "Baffa, ba zan sake tambaya ba. Amma takardun kiɗan babana suna wurina, na iya karanta su." A wurin wata malama ta koya, da jitar aro. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na duba abin da Habibu ya bari: ba gona, ba garke, sai halin mutumin da ya riƙe abin da yake so bai saki addininsa ba. Wannan ba a kulle shi a ɗaki. Jiya da hantsi na kai mata jitar da kaina, na kuma ba ta haƙuri.

Allah Ya jiƙan Habibu, Ya haskaka makwancinsa.