Faddal Ɗin da Kawu Ishaya Ya Ƙi Amsawa

Duk wanda ya san Kawu Ishaya a cikinku ya san hannun rigarsa na dama. Kullum a naɗe yake har gwiwar hannu, na hagu kuwa a sake, da maɓallinsa a ɗaure tsaf. Ni da nake ɗinka masa rigunan na yi faɗa har na gaji. Wata rana na ce, "Kawu, bari kawai in yanke hannun daman nan kowa ya huta, yadin ma ya ragu." Ya ce, "Ladi, in kin yanke, me zan naɗe mutane su san a shirye nake?"

A shirye da me? Da cin abinci mana! Fasto, daina sunkuyar da kai, kai ma ka sani. Baƙinmu da suka zo daga Najeriya saboda wannan zaman tunawa, bari in yi muku bayani. A garin nan, in mutane suna cin abinci a ƙofar gida ko a bakin shago ka zo wucewa, dole su ce maka "faddal", wato bismillah, zo mu ci. Kai kuma sai ka ɗora hannu a ƙirji ka yi godiya ka wuce abinka. Yaro ma ya san haka. A duk faɗin N'Djamena Kawuna ne kaɗai in an ce masa faddal sai ya tuɓe takalmi ya ce a matsa masa.

Daga shagonsa na gyaran keken ɗinki a Bololo zuwa gidanmu a Gardolé ba wata tafiya ba ce, amma in ya taso da azahar sai la'asar mu gan shi. Har mutanen hanyar suka gane shi. Ku tambayi Adum mai shayi, ga shi can a bakin ƙofa yana dariya. Ran nan shi da abokansa biyu suka sayi ɗan gasasshen kifi, wanda ko mutum ɗaya ba zai ƙosar ba, sai ga Kawu ya ɓullo. Suka haɗa baki kowa ya kalli bango. Kawu ya tsaya a kansu ya shiga gaisuwa. Ya gaida Adum, ya tambayi matarsa, ya tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya koma kan tsohuwarsa da ke ƙauye, har akuyar gidan sai da ya tambaya ko ta haihu. Kunya ta kama Adum, ya ce "faddal" can ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori.

Kawu ya ce, "Na ji kamar an kira ni." Kafin su ɗago ya zauna.

Adum ya ce, "Haba Baba Ishaya, ai ka san faddal ɗin baki ce!"

Ya ce, "Adum, ni ba na ganin zuciya. In na zauna ka ji haushi, gobe sai ka gyara ɗaya, ko bakin ko zuciyar."

Kada baƙi su ɗauka kwaɗayi ne. Loma uku yake yi, ya sa albarka, ya tashi. Cewa yake mutumin da ya saba ƙin kiran ɗan'uwansa, ranar da Allah ya kira shi ma bakinsa zai riga shi cewa ya ƙoshi.

To amma ni yau ba dariya kaɗai na tashi in ba ku ba. Akwai faddal ɗaya da mutumin nan ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ƙin amsawa, kuma ni ake aikowa da ita. Wansa ne, Alhaji Mamman mai yadi a Mardjandafak. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu da mahaifiyata, wadda da ta rasu Kawu Ishaya ya ɗauke ni ya riƙe. Iyayensu Maguzawa ne daga ƙasar Kano. Da suka zo nan neman abinci babban ya musulunta, ƙaramin ya bi Almasihu, kuma wannan bai raba su ba, kwano ɗaya suke ci. Sai wata Sallah Alhaji ya yi manyan baƙi abokan kasuwanci, ya ji nauyinsu, ya sa aka zuba wa ƙanensa nasa daban a ɗan kwano aka ajiye masa a zaure. Kawu ya dubi kwanon nan, ya sa takalminsa ya fita. Daga baya Alhaji ya yi nadama. Duk Sallah sai ya ce, "Ladi, ki ce wa Ishaya ya zo mu ci." Kawu kuma ya ce, "Ki ce na gode." Ko layin gidan ba ya bi, gara ya zagaya ta bayan kasuwa a cikin rana. Abin yana ci mini rai, don su biyun nan su ne suka rage mini, kuma kullum tsufa suke yi.

Ga shi kuma dattijon ikilisiya ne, Lahadi ɗaya a wata tasa ce ta yin wa'azi. Wa'azinsa nawa? Ɗaya! Tun ina goye da 'yata Hannatu har ta yi aure, wa'azi ɗaya tak. Misalin nan na maigidan da ya shirya biki ya aika a kira mutane kowa ya kawo uzuri, shi ne abincinsa. Sai ya mai da shi na unguwarmu. "Maigida ya yanka sa, ya shimfiɗa tabarmi, ya aiko a kira ku. Wannan ya ce zai tsallaka Kousseri ɗauko kaya. Wannan ya ce babur ɗinsa ya lalace. Wannan ya ce bai yi wanka ba, kunya yake ji. Wa ya ce ka yi wanka? Cewa aka yi ka zo, ruwa yana can gidan! Faddal ɗin Allah ba ta baki ba ce, jama'a, tukunya tana kan wuta, da rabonka aka auna garin!" Mu 'yan zumuntar mata har mun haddace, yana faɗa muna bin sa da leɓe.

Fasto da ya zo sabo ya ga abin ya yi yawa, ya ce, "Baba, wannan karon ka yi mana a kan baiko," wato abin da ake bayarwa a coci. Kawu ya ce to. Ranar Lahadi ya hau, ya gyara tabarau, ya ce, "Yau Fasto ya ce in yi magana a kan baiko. Baiko abu ne mai kyau ƙwarai. Ku bayar." Sannan ya ce, "To, akwai wani maigida da ya yanka sa..." Wayyo, ranar har mai kiɗan ganga sai da ya faɗo daga benci!

Da aka tashi Fasto ya ce, "Baba, shekara nawa wa'azi ɗaya?"

Ya ce, "Ɗana, ranar da suka amsa na farkon sai in kawo na biyu."

Kowa ya yi dariya ban da ni, don na san mutum ɗaya da bai amsa ba.

Tasa faddal ɗin kuwa ai ta fi ƙarfin gayyata, kamu ce. In ya ce maka faddal ya riga ya riƙe wuyan hannunka. Inna Saraya, matarsa, ga ta nan, ita ta sha wahalar. Ta dafa na mutum biyar, ya shigo mata da tara. Ran nan masu korar 'yan tebur daga bakin titi suka zo Bololo da mota, su huɗu, suka ce teburinsa ya shigo hanya. Daidai lokacin Inna ta kawo masa kisar, 'yar wainar dawa ta garin nan, da miyar kuɓewa ta ajiye a kan teburin. Kawu ya cafke hannun babbansu ya ce, "Faddal!" Mutumin ya fizga, ina! Hannun da ya saba kwance ƙusar keke ne. Haka suka wanke hannu suka zauna, suka share kwanon nan tas, suka sha ruwa suka yi hamdala. Suna gamawa suka ɗaga teburin suka jefa a mota suka tafi.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Malam, sun cinye abincin kuma sun tafi da teburin!"

Ya ce, "Saraya, amma kin ga sun zauna? Mutum huɗu a rana ɗaya! A coci ma ban taɓa samun haka ba."

Damina biyu da suka wuce ciwon suga ya kwantar da Kawu Alhaji. Ƙafafu suka kumbura, mutum mai jiki ya zube. Wata Laraba ya aika a kira ni, ba Sallah ba, ba komai ba. Ya ce, "Ladi, ki je ki ce wa Ishaya na ce faddal. Ki ce masa kwano ɗaya ne." Na fito ina share ido na nufi Bololo. Na tarar da Kawu ya duƙufa a kan wani tsohon keke. Na faɗa masa. Ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Ki ce masa ina da keken mutane a hannu."

Na ce, "Kawu, jikin fa ya yi tsanani."

Ya ce, "Na ce ina da aiki."

Ban koma da amsar ba. Da wane baki zan faɗa wa mai jinya haka? Kwana huɗu ina yawo da ita a ciki kamar na haɗiyi dutse.

Lahadin kuma tasa ce. Ya hau, maigida ya yanka sa, aka shimfiɗa tabarmi. Mai zuwa Kousseri ya kawo uzurinsa, mai babur ya kawo nasa, wanda bai yi wanka ba ma ya kawo. Kun san ni, in raina ya ɓaci ba na iya zama. Ban san lokacin da na miƙe ba. Inna tana jan zanena tana cewa, "Ke Ladi, zauna, a coci muke." Na ce, "Kawu, ka manta mutum ɗaya. Akwai wanda ya ce yana da keken mutane a hannu."

Waɗanda suke nan ranar kun tuna. Kawu ya dube ni ta saman tabarau. Wallahi na ɗauka yau zai sallame ni a gaban jama'a, mutumin da ya ciyar da ni ya aurar da ni. Tsoro ya kama ni, amma ban zauna ba. Can sai ya rufe littafinsa a hankali, ya ce, "Fasto, zo ka ƙarasa. Yau ni aka yi wa wa'azi." Ya sauko ya bi ta tsakiyar mutane ya fita.

Na bi shi da gudu, na tsai da taksi. Ya ce, "Sallame shi. Da ƙafa na fito daga gidan, da ƙafa zan koma." Haka muka taka har Mardjandafak a cikin rana, yana gaba ina baya. Mutum biyu suka yi masa faddal a hanya, ko ji bai yi ba.

A zauren ya tsaya ya daɗe yana kallon wani lungu. Na gane nan ne aka ajiye masa ɗan kwanon nan. Sannan ya yi sallama ya shiga. Alhaji yana kan tabarma an jingina shi da matashi.

Alhaji ya ce, "Ka zo?"

"An ce ka kira."

"Ka yi furfura, Ishaya."

"Kai kuma ina ka kai tumbin, Yaya?"

Hajiya, matar Alhaji, ta kawo tuwo a kwano ɗaya ta ajiye a tsakaninsu, ta koma bakin ƙofa kusa da ni. Alhaji ya fara, "Ishaya, ranar nan da na sa aka..." Kawu ya ce, "Yaya, tuwo yana hucewa." Alhaji ya miƙa hannu, amma saboda ciwo ya kasa yanko loma. Sai Kawu ya yanko, ya mulmula, ya dangwala miya ya sa masa a baki. Sannan ya yanko tasa ya ci. Ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Hajiya, ina gishirin miyar nan?"

Ta ce, "Likita ya hana."

Ya ce, "Yo shekara ashirin ina fushi a kan miyar da ba gishiri?"

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye yana bin gemunsa. Kawu yana bubbuga masa baya, shi ma nasa yana zuba a cikin kwanon. Ni da Hajiya kuwa mun rungume juna muna kuka kamar yara.

Daga ranar kullum da azahar sai ya rufe shago ya tafi ya ba wansa abinci a baki. A rana ta tara Alhaji ya cika. Kawu ya zauna karɓar gaisuwa a zauren nan kwana uku. Da muka taso muna tafiya gida ya ce, "Ladi, na ji haushinki ranar nan, amma Allah ya yi miki albarka." Muka ɗan taka, sai ya tsaya a tsakiyar hanya. "Kwana tara na samu. Da na ji abin da nake faɗa wa mutane, da shekara ashirin ce." Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wurin ba.

Watan jiya shi ma ya bi bayan wansa. Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ga bawanka Ishaya nan, da taurin kansa da komai. Ka gafarta masa shekarun da ya ɓatar, ka karɓe shi hannu biyu, ka ba shi hutu. Ka ji ƙan Kawu Alhaji, ka sanyaya zuciyar Inna Saraya da Hajiya. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka aiko masa yana ta jan ƙafa, ka tashe shi ya tafi tun mai aiken yana numfashi. A cikin sunan Yesu. Amin.